Yadda Na Samo Lamba da Ɗingishi a Darfur

Abin da ya fara ɗaure mini kai a ƙasar Sudan shi ne yadda ta yi kama da gida. Tun muna cikin jirgi nake shirin ganin wata duniya dabam. Da aka sauke mu a Darfur aka zuba mu cikin motoci, na ɗaga tamfol na leƙa, sai ga gero, ga jakuna, ga aduwa da magarya, ga jar ƙasa shimfiɗe har iyakar ganin ido. Na ce wa na kusa da ni, anya matuƙin jirgin nan ba zagayawa ya yi da mu ya ajiye mu a bayan Shagari ba?

Sunana Umaru, mutumin Horo Birni ne ni a ƙasar Shagari. Kafin in shiga soja na yi shekaru ina tuƙa bas tsakanin Bodinga da Sakkwato, shi ya sa ko da na sa kaki sitiyari bai bar hannuna ba. A lokacin da nake ba da labari ina kofur, ina tuƙa babbar mota a bataliyar da aka tura can aikin kiyaye zaman lafiya.

Kamannin da ƙasar ta yi da gida a ido kawai suka tsaya. Da mutum ya buɗe baki sai ka san ka yi nisa. Larabci suke yi, amma ba irin wanda muka ji a makarantar allo ba, ban da salamu alaikum da alhamdu lillahi ba na tsintar komai. In za su gaisa sai sun dafa kafaɗar juna tukuna su miƙa hannu. Masu shayi kuwa duk mata ne, kowacce da ɗan murhunta a gindin bishiya, maza na zaune kewaye da ita a kan kujeru 'yan tsugunne. Na daɗe ina kallon wannan abu. Na ƙiyasta a raina mace ta kafa teburin shayi a tashar Bodinga, na yi dariya ni kaɗai.

A barikinmu ma abin kallo bai ƙare ba, don akwai sojojin wasu ƙasashe a maƙwabtanmu. Akwai wasu gajeru daga can ƙasashen Asiya waɗanda ba sa cin naman sa ko kaɗan, in sun ga saniya har sassauta tafiya suke yi. Akwai 'yan Senegal masu dafa shinkafa da kifi kullum ta Allah. Ni mutum ne mai son tambaya, har sajenmu, wani mutumin Kalaba mai suna Okon wanda ya iya Hausar bariki, yakan ce mini, “Kofur, kai soja ne ko ɗan jarida?”

Kewar gida ba ta kama ni sosai ba sai ranar da aka yi ruwan farko. Ina ƙarƙashin mota ina duba mai, ƙanshin ƙasa ya buge ni. Nan take na ga ƙannena sun fita da sungumi, na ga mahaifiyata, Inna, tana auna iri a ƙwarya. Na daɗe kwance a wurin ban taɓa ko sifana ba.

Da babbar salla ta matso, mu Musulmin kamfaninmu muka haɗa hannu za mu yi layya. Aka ce ni ɗan ƙauye ne, na san dabba, ni zan je kasuwa. Saje Okon ya ce zai raka ni, ko da yake ba ya salla, ya ce nama ba shi da addini. Muka ɗauki tafintanmu, wani ɗan garin mai suna Adam. Muna isa bakin kasuwa Adam ya ce zai ga wani ɗan'uwansa ya dawo. Bai daɗe da tafiya ba sai ga wani dattijo da farar jallabiya da rawani tas, yana janye da rago fari mai baƙin wuya. Na taɓa ƙirjinsa, na duba haƙoransa, na ɗaga jela. Ragon gida ne, an yi masa kiwon hannu. Muka yi ciniki da yatsu, dattijon yana ta ɗaga hannu sama yana ambaton Allah. Ya sallama da araha har na fara jin kaina wani gwani. Kafin Adam ya dawo, mai rawani ya shige cikin mutane.

Ranar jajibiri da hantsi aka ji hayaniya a ƙofar bariki. Na je kallo, kamar yadda na saba. Wata tsohuwa ce 'yar siririya, lulluɓe da mayafi mai ruwan ƙasa, tana ta zuba Larabci tana nuna cikin bariki. Adam ya ce wai ragonta aka sace, an gaya mata an ga sojoji sun sa shi a mota. Laftanan da ke bakin aiki ya ce kowa ma zai iya faɗin haka, a ce mata ta tafi. Tsohuwa ta gaji, ta zauna daɓas a ƙasa, ta dafe kai. Sai na ji tana magana ita kaɗai, ƙasa-ƙasa:

“Wayyo ni Hawwa. Sun ƙone gari, sun kwashe shanu, ɗan ragon da yar rage shi ma sun ɗauke. Mi niy yi musu?”

Ba Hausa kawai ba, Hausarmu ce ta ƙasar Sakkwato, irin wadda kakata take yi. Na tsuguna a gabanta.

“Hajja, mi kic ce?”

Ta ɗago ta dube ni daga hula har takalmi. “Kai ɗan wa na?”

“Ɗan Shagari na, Hajja.”

“Ta ƙasar Sakkwato?”

“Awo.”

Ta kama hannuna da hannu biyu tana jujjuya shi kamar mai duba ko na gaske ne. Na roƙi laftana a bar ta ta shiga. Muna zagayawa bayan kicin ta yi wani ɗan sauti da harshe, rago ya ɗago kai, ya fizgi igiya har turken ya karkace. Shari'a ta ƙare ke nan. Ta ja abinta ta tafi, mu kuwa muka yi sallarmu da kifin gwangwani. Saje Okon bai bar ni na huta ba. Ko'ina ya gan ni sai ya ce, “Ga mai sanin dabba nan! Ka duba haƙorin rago, ba ka duba haƙorin mai rago ba.”

Ranar salla da la'asar aka ce ana nemana a ƙofa. Hajja Hawwa ce, da ƙwarya a rufe da faifai. Na buɗe, sai ga hura, an cura ta an barbaɗe da gari, ga ɗan nono a gora. Ta ce ba ta da abin da za ta ba ni ban da wannan. Na zauna nan bakin wayar shingen bariki na dama na sha, na yi mata sannu.

Daga nan muka saba. Tana zaune ne a sansanin 'yan gudun hijira da ke gefen gari, inda nakan kai ruwa da tanka. Ta ba ni labari cewa kakanta ya taso daga wani ƙauye kusa da Sifawa, da ƙafa, shi da iyalinsa, za su aikin hajji. Suna tafe suna yada zango suna noma, har suka je suka sauke farali. A hanyar dawowa ƙarfinsa ya ƙare, ya samu ƙasa mai kyau ya zauna. Irinsu suna da yawa a Sudan, in ji ta. Ita ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma a cikin gida ba a yi musu wani harshe sai shi.

Ni ina tambayarta, ita tana tambayata. “Gaskiya na albasarku ta kai kan jinjiri?” Na ce ta Bodinga takan kusa. “Har yanzu ana zuwa ziyara Sifawa, inda Shehu yaz zamna?” Na ce ana zuwa. Na gaya mata yanzu akwai kwalta da keke mai ƙafa uku, ta ce in bar zolayarta, keke ƙafa biyu gare shi. Wasu kalmomin da take faɗi ni kaina ban san su ba, sun mutu a wurinmu sun rayu a wurinsu.

Da rani ya yi aka ba kamfaninmu aikin rakiyar mata masu icce. Dalilin shi ne, mutanen sansanin sun yi yawa, sun sare duk wani icce da ke kusa, dole sai an yi nisa cikin daji. Namiji in ya fita 'yan bindiga suka gan shi, kashe shi za su yi. Mace kuwa ba a cika kashe ta ba, amma abin da ake yi mata ba ya faɗuwa. Saboda haka mata ne ke fita, mu mu bi su da motoci, mu tsaya gadi har su gama. Hajja Hawwa ba ta fashi, duk da tsufanta. Ita ce ma ke tsawata wa 'yan matan in sun yi nisa.

Ranar da abin ya faru mun kai su wani busasshen rafi mai faɗi, yashi ne zalla a cikinsa, da matattun itatuwa a gefe. Motar gaba, mai babbar bindiga a kai, ta tsaya a bakin gaɓa. Wani abokina Lawal ne a kan bindigar. Ni na ajiye tawa a bayan wani dutse. Saje Okon ya sauka cikin rafin tare da matan. Rana ta ɗaga, sun gama sara, sun ɗaɗɗaure dammunansu, har wasu sun fara naɗa gammo.

Ban ga zuwansu ba, ji na yi. Motoci ne buɗaɗɗu suka ɓullo ta ɗaya gaɓar, suka buɗe wuta ba sallama. Harbin farko ya sami Lawal, na ga ya kife a kan bindigarsa. Na hango Saje Okon yana ɗaga hannu yana ce wa mata su kwanta, sai na ga ya dafe ciki ya durƙusa. Mutanenmu suka kwanta a bayan gaɓa, amma ba su iya mayar da wuta yadda ya kamata ba, don matan suna tsakiya, wasu na gudu nan, wasu can.

Mutane sukan tambaye ni abin da na ji a zuciyata. Gaskiya ban ji wata jarumtaka ba. Abin da na gani shi ne motata doguwa ce, jikinta ƙarfe ne, in ta gitta a cikin rafin za ta zama katanga. Na ɗauki oba-oba na ce, “Oga, zan sauka.” Ban san abin da laftana ya amsa ba, don na riga na sa giya.

Tsoron da na ji na yashi ne, kada mota ta kafe. Allah ya sa ba ta kafe ba. Na gitta ta tsakanin matan da masu harbi, na diro ta ɓangaren da babu wuta. Harsasai na dukan jikinta kamar ƙanƙara a rufin kwano. Na saki ƙofar baya ina ihu su hau. Sai ga wani abin da ban zata ba: kowace mace ta ciccibo daminta, shi take ƙoƙarin turawa cikin mota kafin ita ta hau. Ƙofa ta cushe da icce.

“Ku bar iccen! Ku bar shi!” Ina ta faɗi, ba mai jin abin da nake cewa.

Hajja Hawwa ce ta ji. Ta yi jifa da nata damin, ta juya kansu da Larabci, da wata murya da ban san tana da ita ba. Wadda ta ƙi saki ta buge mata hannu. Nan da nan aka janye iccen, mata suka dinga hawa suna jan juna. Na rarrafa wurin Saje Okon na kama shi ta ɗamara ina ja. Mutum ne mai jiki, na kasa ɗaga shi, sai da wasu mata biyu suka diro suka kama ƙafafunsa.

Ina taka matakalar gaba zan shiga, na ji wani abu ya naushe ni a ƙugu ta hagu, kamar harbin jaki. Har na waiwaya in ga ko wata ce ta buge ni da icce. Da na zauna na nemi taka kulochi sai ƙafar ta ƙi motsi. Da hannu na ɗaga ta na ɗora, na danna gwiwar da ƙarfi har giya ta shiga. Ban sake iya canza ta ba. A wannan giya ɗaya muka haura gaɓa, tayoyin gefe guda duk sun fashe, mota na tafiya a karkace tana kuka. Da muka fita daga tsakani mutanenmu suka samu sarari, suka buɗe wuta sosai, maharan suka juya. Ni dai na tuna na hango ƙofar bariki, na tuna wani yana zare hannuna daga sitiyari. An ce mini babu mace ko ɗaya da ta rasa ranta. Lawal ne bai dawo da rai ba, Allah ya jiƙansa.

Jirgi mai saukar ungulu ya kai mu babban gari, inda likitocin soja 'yan Pakistan suka yi mini tiyata. Da na farfaɗo likitan ya nuna mini harsashin a cikin ɗan faranti. Na yi mamakin ƙanƙantarsa, bai kai ƙwallon dabino ba. Daga nan aka wuce da mu wani asibiti a Uganda, ni da Saje Okon. Ban samu na yi sallama da Hajja Hawwa ba, ban kuma sake ganinta ba.

Uganda ita ce ƙasar da ba ta yi kama da komai da na sani ba. Ta taga ba ka ganin ƙasa sai ganye, ruwa kuma ba ya shawara kafin ya sauko. Ayaba suke dafawa su tuƙa ta kamar tuwo. Da farko na ƙi ci, daga baya na ci don in san yadda take, har na zo ina neman ƙari. A can na fi jin kaɗaici, don ba mai jin harshena, Okon kuma yana wani ɗaki da robobi a hanci. Wata nas dattijuwa, Kirista, ta lura ina ta waige-waige in lokacin salla ya yi. Washegari ta zo da ɗan dutse mai sulɓi ta ajiye mini a gefen gado don taimama, ta juya gadon da kanta ya fuskanci alƙibla. Ashe ta je ta tambayi wani Musulmi mai gadin ƙofa.

Ranar da aka fara tsayar da ni da sanduna, Okon na fara nema. Ya rame har na kusa wuce shi. Ya dube ni ya ce, “Kofur, ka ja ni a ƙasa kamar buhun albasa.” Muka yi dariya, shi yana riƙe da ɗinkin cikinsa. Sai ya kama hannuna ya riƙe.

Bayan mun dawo Najeriya aka kira ni fareti a babban bariki, aka ce za a ba ni lambar yabo ta jarumtaka. An guge kaki, an buga badujala. Wani hafsa ya karanta abin da na yi da Turanci, ina tsaye da sanda ina saurare kamar labarin wani ake bayarwa. Mutumin da ke cikin bayanin nan ba ya tsoro, ba ya ruɗewa, ni kuwa na san na yi duka biyun. Janar ya maƙala mini lambar a ƙirji, ya girgiza hannuna. Na ɗan saci kallonta. Ƙarfe ne zagayayye da ƙyalle mai launi, ba ta da nauyin da na zata.

An ba Lawal tasa shi ma, mahaifinsa ya karɓa, wani dattijo da babbar riga. Da aka watse ya neme ni, na durƙusa iyakar yadda ƙugu ya bari.

“Kai ne kuke tare da shi?”

“Ni ne, Baba.”

“Ya samu ya yi kalmar shahada?”

“Ban ji ba, Baba, ina nesa da shi. Amma da asubar ranar sahu ɗaya muka yi salla, kafaɗata na jikin tasa.”

Ya gyaɗa kai ya ce, “To, alhamdu lillahi.” Ya sa lambar a aljihu ba tare da ya buɗe akwatinta ba.

Da aka ba ni hutu na kama hanyar gida. A tashar Bodinga tsoffin abokan tuƙina suka rufe ni, labari ya riga ni isowa ta rediyo. Lamba ta dinga yawo hannu zuwa hannu, wani har da gwada ta da haƙori ya ji ko zinariya ce. Tambayarsu ɗaya: mutum nawa na kashe? Na ce ko harsashi ɗaya ban harba ba, mota na tuƙa. Na ga ba su ji daɗin amsar ba. A Shagari ma haka, a Horo Birni ma haka, har na gaji da maimaitawa.

Inna ba ta tambaye ni komai ba sai da baƙi suka ragu. Tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, na ba ta labarin tun daga rago har asibiti. Na miƙa mata lambar, ta juya ta gaba da baya ta ajiye a kan tabarma.

“To, iccen fa?”

“Wane icce, Inna?”

“Wanda sunka yas cikin rafi. Sun wuni suna sara. Da mi sunka dahwa abinci ranan nan?”

An yi mini tambayoyi a gaban hafsoshi, an yi mini a asibiti, ni kaina na juya ranar nan a zuciyata ba adadi, amma ban taɓa tunanin wannan ba. Na ce ban sani ba. Ta ce, “Ka tambaya.”

Ranar kasuwar Shagari na je inda waya ke kamawa sosai, na kira Adam tafinta. Muka gaisa da ɗan Turancinmu, ya ce Hajja Hawwa tana nan lafiya, tana yawan tambayar ƙafata. Na yi masa tambayar Inna. Ya ce ranar dai da yawansu ba su hura wuta ba, maƙwabta ne suka raba musu abin da suka dafa. Aikin rakiya kuma an dakatar da shi bayan harin. Amma washegari da sassafe matan suka fita da ƙafa, ba soja ko ɗaya, Hajja na gaba. Suka je rafin, kowacce ta gane daminta, suka ɗauko. Kafin la'asar duk sun dawo.

Na daɗe tsaye da waya a hannu, masu babura na yi mini oda in ba su hanya.

Da na koma gida na tarar da Inna a bakin murhu. Na zauna a kan turmi na miƙe ƙafar, na gaya mata abin da Adam ya ce. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta gyara icce a wuta, ta hura, sannan ta ce:

“Na san za su koma. Ko ni ta, komawa zan yi.”